Ƙwayar da Ke Cikin Jinin Yaya Habibu

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta nake farawa. Ni ba mai yawan magana ba ce. A aji ma idan malama ta kira sunana, sai in sunkuyar da kai. Shi ya sa na zaɓi in rubuta abin da ya faru a gidanmu, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsira daga irin abin da muka kusa yi da hannunmu.

Sunana Nusaiba, ina aji ɗaya a babbar sakandare. A Mararaba muke zaune, a gidan haya. Abba direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari, Umma kuma kunun aya take yi tana sayarwa. Yaya Habibu shi ne ɗan fari, yana koyon gyaran mota a Apo a wajen wani mutum da ake kira Oga Sunday.

A bayi na fara ganin ciwon. Wata safiya na shiga bayan ya fito, sai na ga kumfa a bakin ramin, launinta kamar zoɓon da ya kwana a kofi. Wani ƙarni ne ke tashi kamar na tsatsar ƙarfe. Na kwara ruwa na fito ina toshe hanci. Kafin la'asar Yaya ya dawo daga Apo yana dafe da ƙugu, farin idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa, leɓɓansa kuwa fari fat kamar wanda ya ci garin rogo ba ruwa. Daga ƙofar gida zuwa ɗaki sai da ya tsaya ya huta.

Mai kemis na bakin titi bai ko taɓa shi ba ya ce maleriya ce da taifot. Kowa ya je wajensa maleriya ce da taifot. Ya ba shi wani maganin zazzaɓi ya ce ya haɗiye gaba ɗaya. Washegari fitsarin ya bar launin zoɓo ya koma na baƙin shayi, amai kuma ya fara, kore-kore mai yauƙi. Ni ce mai kwashewa. Har yau idan aka yi miyar kuɓewa sai in tashi daga wurin.

A nan Gwaggo Lami, yayar Abba, ta iso daga Jiwa da jarka cike da jiƙon saiwar rawaya. Da ta buɗe murfin, ɗakin ya ɗauki wari kamar kwatar da ta toshe.

"Shawara ce," in ji ta. "Kuma kada wanda ya kai mini yaro asibiti. Allura ita ke kashe mai shawara. Ɗaga kanka, Habibu, ka shanye. Kai da kake shan baƙin mai a gareji, wannan ne zai gagare ka?"

Ya sha, ya dawo da shi a kan zaninta. Haka muka yi ta yi har ƙarshen mako, sai ranar da ya tashi zai je bayi ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Wani maƙwabcinmu mai tasi ne ya ɗauke shi ya sa a mota, bai tsaya jin ra'ayin kowa ba. Allah ya saka masa.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kuma kowace taga ka isa sai a ce ka koma wadda ka baro. A bencin da muka zauna akwai wani mutum da ƙafarsa ta ruɓe, ƙudaje na tashi daga tsumman da ya ɗaure ta suna sauka a kan burodin yaron da ke kusa da shi. Gado babu. A kan keken marasa lafiya aka sa wa Yaya ruwa, aka rataye ledar a ƙusar da ke jikin bango. Da yamma aka ce jininsa ya kusa ƙarewa, a nemo masu bayarwa.

Abba ya kira dangi. Wannan yana da olsa, wancan ya yi tafiya, 'ya'yan Gwaggo maza kuwa wayoyinsu a kashe. Oga Sunday ne ya rufe garejinsa ya zo da yaransa a bayan wata tsohuwar akori-kura, da kayan aikinsu a jiki, faratansu baƙi ƙirin. Suka naɗe hannun riga suka shiga layi suna tsokanar juna.

"Nurse, a ɗebi na Emeka da yawa, shi ne ke cinye mana abinci!"

"Kai, nawa ba ya shiga jikin Bahaushe, sai ya fara jin Inyamuranci!"

Da jininsu aka tashi Yaya. Ina so a rubuta wannan a ajiye.

Ranar da aka yi kuskuren da ya jawo komai ina makaranta, amma Gwaggo ta maimaita shi a gabana ya fi a ƙirga, har da kwaikwayon murya. Likitar da ke duba Yaya, Dakta Ifeoma, 'yar kudu ce, Hausarta irin ta kasuwar Abuja. Ta ga Abba dattijo ne, sai ta so ta girmama shi da harshensa. Ta ce:

"Baba, ƙwaya ne matsala. Ƙwaya na jini. Ya yi yawa, ya fashe."

Abba ya ce, "Ƙwaya kuka gani a jininsa?"

"Eh, Baba. Mun duba, mun gani."

Sai ta juya ga Yaya ta tambaye shi ko ya sha wani abu kafin ciwon ya fara. Ya dubi Abba, ya dubi bango, ya ce bai sha komai ba. Shi ke nan. A unguwarmu idan aka ce yaro da ƙwaya, ma'anarta ɗaya ce: irin wadda samari ke haɗiya a bayan tasha su yi ta layi.

Daga ranar Abba bai ƙara shiga ɗakin majinyata ba. Idan ya taso aiki sai ya sayo maganin da aka rubuta, ya tsaya a bakin taga ya miƙo mini ledar, ya tambaye ni ko an ci abinci, ya juya. Yaya yana ganin ƙeyarsa ta gilashi. Ya zaci fushin kashe kuɗi ne, don duk mun san Abba ya sayar da firjin da Umma ke sanyaya kunu. Ba wanda ya gaya masa abin da ake faɗa a kansa.

Mako na biyu shi ne na jarka. An ce ƙodarsa ta wahala, don haka duk fitsarin da ya yi a tara a auna. Umma ke jinya da safe, ni in karɓe ta bayan an tashi makaranta. In ɗauki jarkar da ɗuminta, in nuna wa nas ta rubuta, in kai bayi in zubar. Bayin kuwa famfonsa ya daɗe da mutuwa, sai mun sayi ruwa wajen mai kura a bakin get. Ina shiga da numfashina a riƙe, ina taka dugadugai, ina tattare hijabi. A cikin lokar gefen gado kyankyasai ne ke yawo a kan cokulanmu. Katifar roba ce, ta tsage, kuɗin cizo na fitowa daga tsagar su yi layi a wuyan Yaya. Na koyi murje su da takarda, amma ban koyi jure warinsu ba.

Duk wannan bai kai mini masu dubiya ƙyama ba. Gwaggo ta riga ta buga wa kowa waya. Matan unguwa suka riƙa zuwa rukuni-rukuni da lemo biyu a leda, su tsaya a ƙafar gado suna leƙen idonsa, suna duban hannuwansa. Na lura gaisuwar ma ta canja. Da, cewa ake yi "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Yanzu sai su yi ajiyar zuciya su ce, "Allah ya shirya." Yaya, bawan Allah, ya ce amin. Wata ma da za ta fita sai da ta janye jakarta daga kusa da gadon ta rungume a ƙirji. Ranar da Oga Sunday ya aiko da farfesun kifi, Gwaggo ta ture kwanon da ƙafa.

"Su suka lalata shi, yanzu kuma an ɗura masa jininsu. Sai abin da hali ya yi."

A barandar asibitin na ji sauran. Na fito da jarka, Gwaggo da Abba suna tsaye a bayan ginshiƙi ba su gan ni ba. Gwaggo na cewa akwai wani malami a wani ƙauye can arewa mai gidan mari, inda ake sa wa irin waɗannan yara ƙarfe a ƙafa har sai sun dawo hayyacinsu. Ta ce ƙanin mijinta, Kawu Tanko, zai kawo motarsa ranar sallama, daga asibiti sai can, kada ma a biya ta gida.

"Idan ka tausaya masa yanzu, gawarsa za ka ɗauko a kwata," in ji ta.

Abba ya ce, "To, Yaya Lami. A yi hakan."

Yaya fa, mutumin da ko zama a gado sai na tallafe shi. Na san idan aka kai shi wurin nan ba zai dawo ba.

Na gaya wa Umma a hanyar gida. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ni me zan ce, Nusaiba? Ɗan fari ne. In na buɗe baki a ce ba ni da kara, ina goyon bayan ɗana a gaban dangin ubansa." Umma ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa. A ranar na ji haushin kara kamar yadda nake jin haushin bayin asibiti.

Ranar Asabar da hantsi Dakta Ifeoma ta shigo zagaye da ɗalibanta. Ina zaune a ƙasa ina wanke kofi, suka kewaye gadon suna Turanci. Ba duka nake ganewa ba, amma kalma ɗaya ta yi ta dawowa: sel. Jajayen sel sun fashe, sababbin sel sun fara fitowa. Sai na ajiye kofin.

A farkon zangon nan Malama Rahila, mai koya mana bayoloji, ta kawo madubin ƙara girma guda ɗaya tak da makarantarmu ke da shi, ta sa fatar albasa a ciki, muka yi layi muna leƙawa. Na ga 'yan ɗakuna jere kamar bulo, kowanne da ɗigo a ciki. Ta ce duk mai rai da irinsu aka gina shi, kuma kowane ɗaya kamar gida ne. Yana da katanga mai ƙofofi da ke zaɓar abin da zai shiga. Yana da nukiliyos, ɗakin maigida, inda aka ajiye umarnin komai. Yana da mitokondiriya, janareton da ke ba gidan wuta. Akwai ribosom, 'yan mitsi-mitsin ma'aikata masu ƙera duk abin da gidan ke bukata, akwai masu naɗe kaya su aika waje, har da masu kwashe shara, waɗanda ta kira baban bolan gidan, aji ya fashe da dariya. Da ta ga wasu ba su gane ba sai ta juya Hausa ta ce, "Sel shi ne ƙwayar halitta. Ƙwaya, kamar ƙwayar gero."

Ƙwaya na jini. Ashe abin da likita ke nufi ke nan.

Da suka wuce gado na gaba na matsa kusa da kunnen Yaya.

"Yaya, don Allah me ka sha?"

"Ke ma?"

"Ni ba zan gaya wa Abba ba. Likita zan gaya wa."

Ya rufe ido. Da ƙyar ya ce basir ne ya dame shi, har zama a ƙarƙashin mota ya gagare shi, sai abokan aiki suka kai shi wajen wata mata mai sayar da agbo, jiƙon Yarbawa, a bakin garejin. Kwalabenta iri biyu ne, na ruwa da na giya. Shi na ruwan ya sha, safe da yamma.

"Amma wa zai yarda? Kin san Abba. Yana jin agbo zai ce giya na sha. Kuma a gabansa zan ce ina da basir?"

Ya ce a gindin kwalbar akwai wasu fararen dunƙulalle, an ce su ne ƙarfin maganin. Warinsu irin na akwatin kayan Umma.

Kafur. Wanda ake sawa a cikin kaya don kyankyaso, wanda ake zubawa a bayin maza. Shi ne abin da ɗan'uwana ya yi ta sha.

Na bi Dakta Ifeoma har baranda. Ta juyo ta ce, "Yes, my dear?" Da Turancina na makaranta, ina kallon takalminta, na gaya mata kafur ɗin. Ta ce shi ne abin da take nema tun ranar farko. Sannan na gaya mata abin da Abba ya fahimta, da inda za a kai Yaya. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Chineke! Ni na ce haka? Ki kawo Baba ranar Litinin. Ke za ki yi mini Hausa, nawa ya kusa kashe mutum."

Da magariba na kai wa Abba ruwan alwala, na tsuguna, na ce, "Abba, ƙwayar nan da likita ta ce, sel take nufi."

Ya ɗago a firgice. "Sel? Har 'yan sanda sun shigo maganar?"

Na dai ce likita na nemansa.

Ranar Litinin ban je makaranta ba. Muka shiga ɗan ofishinta, ni da Abba da Gwaggo, wadda ba a gayyata ba. Likita ta ciro wayarta ta nuna mana hoton da ta ɗauka ta cikin madubin gwaji, ta ce jinin Yaya ne na ranar da aka kawo shi. Wasu 'yan faya-fayai ne jajaye-jajaye, masu lotsawa a tsakiya. Da yawa cikinsu an gutsire musu gefe, kamar ƙosan da yaro ya ciza ya ajiye.

Tana faɗa ina juyawa. Na ce waɗannan su ne ƙwayoyin jini, kowa yana da su, Abba yana da su, Gwaggo ma tana da su.

"Ni? A'uzubillahi!" in ji Gwaggo.

Na ce aikinsu dakon iska ne daga huhu zuwa duk jiki. Likita ta ce sauran ƙwayoyin jiki suna da ɗakin umarni da janareto da ma'aikata, amma jar ƙwayar jini kafin ta fito aiki sai ta zubar da duk waɗannan, don ta sami wurin ɗaukar kaya. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa, sai Abba da kansa ya ce:

"Kamar motar da aka cire wa kujeru don lodi."

"Haka ne, Abba. Har akwatin kayan gyara an sauke."

Saboda haka, in ji likita, ba ta iya ƙera sabon abu ko gyara kanta a hanya. Guzurin da ta fito da shi, da shi za ta yi wata huɗun da take rayuwa. A cikin guzurin akwai wani sinadari mai kare ta daga guba, sunansa G6PD. Sunan ya zauna mini don sai da ta sa na maimaita. Na Yaya rarrauna ne tun haihuwa, yana saurin ƙarewa. Muddin bai haɗu da abin da zai taɓa shi ba, lafiya lau zai yi ta zamansa. Amma da kafur ya shiga, aka bi shi da maganin mai kemis wanda shi ma yana cikin abubuwan da ba sa shiri da masu wannan hali, sai jan abin da ke cikin ƙwayoyin ya dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Saifa, mai tace jini, ita ke gutsire dunƙulen idan sun zo wucewa, shi ne cizon da muka gani. Sauran suka fashe. Abin da ya zube daga cikinsu shi ya rina fitsarin, shi ya toshe ƙoda, shi ya mai da ido rawaya.

Abba ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce in tambaye ta, ƙwayar da ake sha fa, ta maye.

Ba ta jira na juya ba. Ta ce, "Babu, Baba. Ban gani ba, ban faɗa ba. Yaro naka ba ya sha. Ka yi haƙuri, bakina ne."

Gwaggo ta gyara zama ta ce a tambayi likita ina ya samo wannan rauni. Likita ta ce gado ne, kuma ɗa namiji ta wajen uwa yake samunsa. Da na sani da ban juya wannan ba. Kafin in rufe baki fuskar Gwaggo ta washe.

"Ai na faɗa! Mu a danginmu babu wannan. Tun ranar da aka kawo uwarsa na ga—"

"Yaya Lami," in ji Abba, "ya isa."

Ban taɓa jin ya katse ta ba sai ranar. Matar da ta yi mako biyu tana yawo da sunan ɗan ƙaninta a waya, ko a fuska ba ta nuna kunya ba, sabon abin yawo kawai ta samu. Na dube ta na ji irin abin da nake ji idan na ɗaga murfin jarka.

A mako na uku fitsarin ya yi ta washewa, daga baƙin shayi zuwa ruwan lemo, har ya koma irin na kowa. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin fitsari ba. Likita ta ce ɓargo ya ƙera sababbin ƙwayoyi masu cikakken guzuri. Ta ce a dawo bayan 'yan watanni a sake gwaji, tunda yanzu jinin mutane ne gauraye da nasa, ni ma a gwada ni saboda 'ya'yan da zan haifa. Na rasa inda zan sa fuskata. Abba ya koma shiga ɗakin. Yana zama a bakin gado ya ɓare masa lemo, amma bai gaya masa maganar gidan marin ba, mu ma ba mu gaya masa ba.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Idan fitsari ya koma launin zoɓo, ido ya yi rawaya, a tafi asibiti a ranar, duk ƙazantar bayinsa. Kafur ba abin sha ba ne ga kowa, kuma likita ta ce ko a kayan jarirai kada a sa. Wanda aka ce yana da wannan rauni ya faɗa wa duk mai ba shi magani kafin ya karɓa. Idan za a tambayi majinyaci abin da ya sha, a fitar da iyayensa waje tukuna. Ina gode wa Dakta Ifeoma, wadda ta ba dattijo haƙuri a gaban 'yarsa, da nas ɗin da ke ara mini safar hannu, da mutanen garejin Apo. Waɗanda suka ce Allah ya shirya kuwa, har yau ba wadda ta dawo ta gyara addu'arta.

Ranar sallama Kawu Tanko ya zo da motarsa. Abba ya riga ya gaya masa an fasa tafiyar, sai ya ce bari dai ya kai mu gida. Abba na gaba, ni da Umma da Yaya a baya. Yaya na ta murna, yana cewa injin Kawu na bukatar sabis, yana jin ƙararsa. Muka shiga cunkoson shiga Mararaba, motoci suka tsaya cak, masu tallar ruwa da fulanten na bi ta tsakaninsu. Yaya ya miƙe ƙafa, sai ta jawo wani abu daga ƙarƙashin kujerar direba. Ya sunkuya ya ɗauko. Sabuwar igiya ce shuɗiya, an yanka ta gajeru biyu, an naɗe tsakiyar kowacce da tsumma.

Ya jujjuya ta. "Kawu, wannan ba ta jan mota ba ce. Ko babur ba za ta ja ba."

"Ta buhu ce," in ji Kawu da sauri. "Buhunan masara nake ɗaurewa."

"Da tsumma?"

Umma ta juya tana kallon taga. Sai Abba ya waiwayo gaba ɗaya, ya dafa bayan kujera.

"Kada ka yi masa ƙarya, Tanko. Taka ce, Habibu. Ɗaya ta hannu, ɗaya ta ƙafa. Ni na sa a saya."

Ya gaya masa komai, tun daga maganar likita har gidan marin, bai rage ba, bai kuma ambaci sunan Gwaggo ba. Ya ce, "Na zaci ka lalace. Ka yafe mini."

Yaya ya dubi wuyan hannunsa, inda allurar ƙarin ruwa ta bar tabo baƙi-baƙi. Ya ɗora igiyar a kai kamar mai gwada tsawonta. Sannan ya naɗe ta a hankali, yadda yake naɗe wayar batir, ya miƙa wa Abba da hannu biyu.

"Ai da ba sai an ɗaure ni ba, Abba. Da ka ce in tafi, tafiya zan yi."

Abba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Hanya ta buɗe a gabanmu, na baya suka dame mu da ham, wani kwandasta na dukan but ɗin motarmu yana zagi, amma Kawu Tanko ya kasa sa giya.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kare su daga bakin masu dubiya.